Ƙurajen fuska: Kada garin neman gira a rasa ido

Ina aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata lokacin da ƙuraje suka fara feso min a fuska. Da farko guda uku ne a goshi, daga baya suka gangaro kumatu da haɓa. Kafin zangon ya ƙare wata 'yar ɗakinmu ta raɗa min suna Kantu, wai fuskata ta koma kamar kantun riɗi. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma da aka kashe fitila na ja bargo na sha kukana.

Washegari a bakin famfo wata 'yar aji shida ta dube ni ta ce, "Ke, ƙazanta ce fa. Ki riƙa dirje fuskar nan da kyau." Maganar ta shige ni. Daga ranar na koma wanke fuska sau shida a yini da soso da sabulu, ba na bari sai na ji fatar ta ɗaure tamau. Da daddare in matsa lemun tsami in shafa, manyan ƙurajen kuma in ɗiga musu man goge baki. Duk wadda ta ce ga magani sai na gwada. Da muka je hutu na sayi wani man shafawa na tub a kasuwa, mai shagon ya rantse min cewa kwana uku sun ishe shi. Bai yi ƙarya ba, a kwana uku fuskata ta kwanta luf. Na yi wata biyu ina shafawa. 'Yan kwanaki bayan man ya ƙare sai ga ƙananan ƙuraje birjik har wuya, ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi. Ko ruwan alwala ya taɓa ni sai in ji kamar an watsa min barkono.

Yanzu ina aji biyu a jami'a, fuskata ta warke, sai ɗan tabo nan da can. Na rubuta wannan ne domin ƙannena maza da mata da ke tsayawa gaban madubi kamar yadda na riƙa tsayawa, saboda a makare na gano cewa rabin wahalar da na sha hannuna ne ya jawo min ita.

Daga ina ƙurajen suke fitowa?

A jikin fatarmu akwai ƙananan ƙofofi da gashi ke fitowa ta cikinsu, kuma a gefen kowace ƙofa, can ciki, akwai wata 'yar jaka mai samar da maiƙo domin kada fata ta bushe. Idan mutum ya fara balaga, wasu sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda maza da mata duk suna da su, sukan ƙaru, su sa jakunkunan nan su girma su riƙa fitar da maiƙo fiye da na da. Maiƙon sai ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar. A cikin wannan toshewa wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, takan samu wurin hayayyafa. Jiki ya turo dakarunsa su yaƙe ta, wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya. Ƙurji ke nan.

Ku lura, duk wannan a cikin ƙofar yake faruwa, inda soso ba ya kaiwa. Hatta baƙaƙen ɗigon da ake gani a kan hanci ba datti ba ne. Toshewar ce ta haɗu da iska ta yi duhu, kamar yadda ɓararren goro ke sauya launi idan aka bar shi a buɗe.

Kuma abin bai bar kowa ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan samu ƙuraje ko da kaɗan ne. Wato a aji mai ɗalibai 60, wajen 50 za su gamu da su, mai tsafta da marar tsafta.

Katangar da soso ke rushewa

Wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa ya san yadda ake jera tubali, a cike tsakaninsu da laka, domin katanga ta tsaya. Saman fatarmu haka yake. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wasu nau'o'in kitse kuma su ne lakar da ta riƙe su. Katangar nan ko kaurin takarda ba ta kai ba, amma ita ke tsare ruwa a cikin fata, ta tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje.

Ku tuna ma'aunin pH da aka koya muku a darasin Kemistare, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Lafiyayyar fata tana wajen 5, wato tana da ɗan tsami-tsami, kuma a haka katangar ta fi ƙarfi. Sabulun wanka na gama-gari kuwa yakan kai 9 zuwa 10. Sabulun salo ma da muke ƙauna, tunda da toka ake yin sa, a wannan ɓangaren yake. Duk lokacin da aka wanke fuska da irin wannan sabulu, yakan kwashe wani abu daga lakar nan, ya kuma sauya ma'aunin, sai fata ta ɗauki sa'o'i kafin ta dawo daidai. Mai wanki sau shida a yini bai ba ta wannan lokacin ba. Ɗaurewar nan da nake ji ina murna wai na fita tas, ashe alamar ɓarna ce.

Idan katanga ta tsage, fata takan bushe, ta yi saɓa, ta riƙa raɗaɗi, ga shi kumburi shi ne abokin tafiyar ƙuraje. Dirza da soso ko tawul mai kaushi kuma na iya fasa toshewar nan ta ciki, abin da ke cikinta ya bazu a naman fata, ƙaramin ƙurji ya koma babba. A lokacin hunturu, da iska ke busar da komai, abin ya fi muni.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun a 1975 wasu masu binciken cututtukan fata biyu a Amurka, Otto Mills da Albert Kligman, suka wallafa bayani kan ƙurajen da yawan wanki da sabulu ke haddasawa, har suka raɗa musu suna acne detergicans, wato ƙurajen sabulu.

Wani zai ce, to alwala fa, da ake yi sau biyar a yini? Alwala ba ta cikin wannan lissafi. Ruwa ne zalla da tafin hannu, babu sabulu, babu dirza.

Lemun tsami da 'yan uwansa

Ruwan lemun tsami yana wajen 2 a ma'aunin pH, tsaminsa ya fi ƙarfin fatar da ta riga ta ji rauni. Bayan haka yana ɗauke da wani sinadari wanda idan ya zauna a fata rana ta doke shi, yakan ƙona wurin ya bar baƙin shaci. Man goge baki don haƙori aka yi shi, abin da ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Ɗanyar tafarnuwa kan ƙona fata har ta yi bororo. Goga gishiri ko sukari kuma dirza ce da wani suna.

Mu masu baƙar fata akwai dalilin da ya sa wannan ya fi shafar mu. Duk inda fatarmu ta kumbura ko ta ƙone, ƙwayoyin da ke ba ta launi sukan zubo launin da yawa a wurin, shi ya sa yake yin baƙi. Ƙurji kan baje a mako ɗaya ko biyu, amma baƙin tabon da aka samu ta hanyar matsa shi da farce ko ƙona shi da lemun tsami yakan yi watanni, wani ma ya haura shekara. Ganin tabon ne kuma ke tura mutane wajen man bilicin, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Man da ke aiki a kwana uku

Man tub ɗin nan da na saya, daga baya na san yana ɗauke da sinadarin sitiroyid. A jikin kwalin irin waɗannan mayuka za ku ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. Magunguna ne na gaske, likita kan rubuta su don wasu cututtukan fata na ɗan taƙaitaccen lokaci, amma ba maganin ƙurajen balaga ba ne. Suna danne kumburi da sauri, shi ya sa fuska ke kwantawa nan da nan. Idan aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, launi ya yi dabbare-dabbare, su kuma haifar da nasu ƙurajen. Ranar da aka daina sai fuskar ta yi bore, mutum ya koma ya sake saye, ya zama ba shi da sukuni sai da man.

Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan mayukan sauya launin fata masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai. Ku yi hattara musamman da "haɗin" da ake tallatawa a TikTok da Instagram cikin robar da ba a rubuta komai a jikinta ba. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana shafa irin wannan mai, ya je wurin likita a nuna masa yadda zai rabu da shi.

Ko maganin gaske yana da iyaka

Akwai magungunan ƙuraje da aka tabbatar da amfaninsu, kamar benzoyl peroxide, amma su ma yawansu ɓarna ne. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya nuna cewa mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100 yana rage ƙuraje masu kumburi daidai da mai kashi 10, kuma bai kai shi sa raɗaɗi da saɓa ba. Laɓta magani da yawa ba ya sa a warke da wuri.

Babban kuskurenmu shi ne gaggawa. Ƙurjin da ya fito yau ya yi makonni yana haɗuwa a ɓoye, don haka magani kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a fara ganin sauyi, wata biyu zuwa uku kafin fuska ta washe. Mai sauya magani duk mako, ko mai haɗa uku a dare ɗaya, bai bar ko ɗaya ya yi aiki ba, kuma ba zai san wanda ke cutar da shi ba. Haka nan sayen kafso a kemis ana sha ba da umarnin likita ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani ne kawai.

To, me ya kamata a yi?

• A wanke fuska sau biyu a yini, safe da dare, sai kuma bayan an yi gumi sosai, kamar bayan ƙwallo. A yi amfani da sabulu marar ƙarfi da yatsu, a ɗauraye da ruwan da ba shi da zafi.

• A tsane ruwan da tawul mai tsafta a hankali, ban da gogewa.

• Idan fata ta bushe a shafa mai marar nauyi. Man gashi mai kauri kuma kada a bari ya gangaro goshi, domin yana toshe ƙofofin fata.

• A riƙa wanke hijabi, ɗankwali, hula da rigar filo a kai a kai, tunda su ke gogar fuska kullum.

• A cire hannu daga fuska. Ba matsa, ba ɓanɓara.

• Idan ƙurajen manya ne masu zafi a can ciki, ko suna barin rami, ko an yi wata uku babu sauyi, ko kuma damuwarsu ta fara hana shiga mutane da karatu, a gaya wa iyaye a je asibiti. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin fata.

Ranar da Gwaggo ta zazzage jakata

Ƙanwar mahaifina ma'aikaciyar jinya ce. Ranar da ta zo gidanmu ta ga fuskata, ba ta yi faɗa ba, ta ce in kawo mata duk abin da nake shafawa. Na zazzage jaka a kan tabarma: sabulu kala uku, soso, tub biyu, da wata roba da ƙawata ta ba ni. Ta tattara su duka ta ƙulle a leda.

Na ce, "Gwaggo, to da me zan riƙa gyara fuskar?"

Ta ce, "Ɗiyata, gyaran gangar Auzinawa kike yi. Fuskar nan hutu take nema."

Ita ta kai ni wurin likitan fata. Ya ba ni magani guda ɗaya tak da mai marar nauyi, ya kuma gaya min tun farko cewa fuskar za ta ƙara yin bore kafin ta lafa, saboda man da na saba mata da shi. Haka kuwa aka yi. Makonni biyun farko na koma makaranta ina jan hijabi har kan gira. Sau da yawa hannuna ya kai kan soso na janye. A wata na uku ne na duba madubi na ga ƙurajen da suka rage ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Baƙin tabon lemun tsami kuwa har na rubuta jarrabawar WAEC yana nan.

Saura magana ɗaya, ga waɗanda fuskarsu take sumul. Wadda ta kira ni Kantu wasa take yi, na san ba ta nufe ni da sharri ba. Amma sunan nan ne ya sa na ɗauki soso washegari. Idan akwai mai ƙuraje a ajinku, ku sani ya riga ku ganin su tun da asuba a madubi, ba ya buƙatar tuni. Ku kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa.