Manufar Nijeriya Game da Aika Sojojin Kiyaye Zaman Lafiya

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilan da ke sa Nijeriya ta aika da sojojinta ƙasashen waje domin raba faɗa, da ƙa'idojin da ake bi, da kuma nauyin da hakan ke ɗora mata.

Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960. Shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tura sojoji Kwango, inda a 1964 Janar Aguiyi-Ironsi ya shugabanci rundunar Majalisar gaba ɗaya. Daga nan aka je Labanon a 1978, da Cadi a 1981 ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Dakarun ECOMOG da suka shiga Laberiya a 1990, suka kuma mai da Shugaba Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998, mafi yawansu 'yan Nijeriya ne.

Tushen manufar shi ne ɗaukar Afirka a matsayin ginshiƙin hulɗar ƙasar da ƙasashen waje. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin yaƙin maƙwabta yakan kwararo da makamai da 'yan gudun hijira. Bugu da ƙari, akwai neman martaba a idon duniya, musamman burin samun kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, da kuma gogewar da sojoji ke samu.

Ta fuskar doka, sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana tura soja fagen fama a waje sai da amincewar Majalisar Dattawa. Idan tsaron ƙasa na cikin haɗari na kurkusa, Shugaban Ƙasa na iya turawa bayan ya shawarci Majalisar Tsaro ta Ƙasa, amma sai ya nemi yardar dattawan cikin kwana bakwai.

Sai dai abin lura a nan shi ne, Majalisar Ɗinkin Duniya takan biya ƙasa wani kaso a kan kowane soja, alhali a Cadi da Laberiya Nijeriya ce ta ɗauki galibin ɗawainiyar, ban da rayukan da suka salwanta. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, sai ta janye yawancin sojojinta daga Mali a 2013. Haka kuma a Agustan 2023 Majalisar Dattawa ba ta goyi bayan amfani da ƙarfin soja a Nijar ba, bayan juyin mulkin da aka yi a can.

A taƙaice, manufar tana tafiya ne tsakanin haƙƙin maƙwabtaka da buƙatar gida. Kowane sojan da aka tura waje, gurbinsa ne aka bari a cikin gida. Wannan shi ne awon da ya wajaba masu mulki su yi kafin su ba da umarni.