Nauyinka Ya Yi Daidai da Tsawonka?

Maigida, in za ka sayi dawa a kasuwa ba ka yarda da ganin ido, sai an kawo mudu. In za ka sayar da gyaɗa ko auduga, sai an ɗora bisa sikeli. To, jikinka fa? Yaushe rabonka da auna shi?

Mutane in sun ga wani ya yi tumbi, sai su ce ya ji daɗi. In sun ga ramamme kuwa, su ce haka jikinsa yake. Duka biyu da gyara. Ƙiba mai yawa tana kiran cuta. Rama mai yawa kuwa, sau da yawa alama ce cuta ta riga ta shiga. Abin da ake so shi ne nauyin mutum ya yi daidai da tsawonsa.

Yadda ake awon

Wani masanin lissafi na ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fara wannan lissafi wajen 1832. A 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya sa masa sunan da likitoci ke taƙaitawa su ce BMI. Mu sai mu kira shi awon nauyi da tsawo.

A asibiti za ka hau sikeli a ga nauyinka da kilo, a auna tsawonka da mita. Sa'an nan a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da ya fito. Ga misali. Mace ce, tsawonta mita 1.6, nauyinta kilo 55. To, 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56. In an raba 55 da 2.56, ya tashi 21 da rabi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa amsar haka ga manya:

Ƙasa da 18.5: rama.
Daga 18.5 zuwa 24.9: daidai.
Daga 25 zuwa 29.9: nauyi ya fara yawa.
Daga 30 zuwa sama: ƙiba mai haɗari.

Watau mai tsawon mita 1.6 ya kamata ya tsaya tsakanin kilo 48 da 63. Mai tsawon mita 1.7 kuwa tsakanin kilo 54 da 72.

In babu sikeli

Nemi zare ko igiya. Tsaya sosai, wani ya auna tsawonka da ita tun daga ƙasa har tsakar ka, ya yanke. Ninka ta biyu, ka kewaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya. In bakin biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitse ya taru a ciki, shi ne kuwa ya fi kowane kitse ɓarna.

Abin da rama ke nunawa

Ramamme ba ya jure noma, cuta kuma tana saurin ka da shi. Mace ramammiya takan haifi jariri ƙanƙane marar ƙarfi. An fi ramewa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki kuwa ya yi yawa. Saboda haka a ajiye wake da gyaɗa tun da kaka. A riƙa haɗa tuwo da miyar ganye, kamar zogale da kuka da rama, da nono ko ƙwai ko kifi in an samu.

Amma in mutum yana ci yana ramewa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Tari da ya kai mako biyu, da zufar dare, yana iya zama tarin fuka, maganinsa kuwa yana asibiti. Yawan fitsari da ƙishirwa yana iya zama ciwon sukari. Tsutsar ciki ma tana ramar da mutum.

Abin da ƙiba ke jawowa

Jaki in an labta masa kaya fiye da ƙarfinsa, ba ya nisa. Haka zuciya da gwiwoyi suke. Ƙiba tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Ga mai ciki kuma tana ƙara wuyar haihuwa. Hawan jini kuwa yakan shekara bai nuna alama ba, sai an gwada.

Ba a ce ka bar cin abinci ba. Rage sukari a shayi da koko, rage lemon kwalba da soye-soye da gishiri. Inda ƙafa za ta kai ka, bar babur. Mai kilo 80 in ya rage 4 zuwa 8, ya sauƙaƙa wa jikinsa ƙwarai.

Uwargida, ki yi hattara da ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, har ana ba 'yan mata gab da aure. Waɗansunsu ruwa da kitse suke tara wa jiki, su bar mutum da hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Kumburi ma ba ƙiba ba ne. In an danna ƙafa da yatsa wurin ya lotsa bai koma ba, a tafi asibiti.

Waɗanda ba a yi musu wannan awo

Ban da mace mai ciki. Ita a wurin awon ciki ake duba nauyinta. Ban da yara. Su da katin awo ake bin girmansu. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ana auna damtsensa da tef mai launi uku. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti ran nan. Ƙaƙƙarfan manomi mai tsoka kuma yana iya yin nauyi ba tare da kitse ba. Shi awon igiya ya fi faɗa masa gaskiya.

To, maigida, ku auna sau biyu a shekara, da kaka da tsakiyar damina, kai da iyalinka, ka rubuta ka ajiye. In lambar ta tashi ko ta faɗi ba dalili, nuna wa malamin asibiti. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda.