Ɗumama Ɗaki Ba Tare da Cutar da Ƙirji Ba

Yau za mu yi muku bayani a kan wata doka ta ƙasar Jamus, da abin da za ku ɗauka daga cikinta lokacin hunturu.

A Jamus sanyi yana tsananta har ruwa ya daskare, saboda haka mafi yawan gidaje suna da tukunyar ɗumama ɗakuna, yawanci mai cin gas ko mai. Shi gas da mai in an ƙone su sun tafi ke nan. Don haka a 2007 wata jiha tasu, Baden-Wurtembag, ta kafa doka. Daga 2010, wanda ya sake tukunyar gidansa, tilas kashi 10 cikin 100 na ɗuminsa ya fito daga abin da ke sabuntawa. A 2015 aka mai da shi kashi 15. Abubuwan kuwa su ne zafin rana, wanda ake tarawa da faifai a kan rufin gida, da na'ura mai jawo ɗumi daga ƙasa ko iska, sa'an nan itace, tun da shi ana sake dasa shi.

Amma fa ku lura, itace yana sake tsiro, hayaƙinsa kuwa bai daina cuta ba. Shi ya sa a 2010 Gwamnatin Jamus ta ƙayyade yawan ƙura da gubar da murhun itace zai fitar, tsofaffin murahu kuma aka ce a gyara su ko a rufe.

To, ku ma in sanyi ya sauko kukan shiga da kaskon gawayi ɗaki ku rufe ƙofa. Garwashi yana fid da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Tana kashe mutum yana kwance.

Saboda haka kada ku kwana da wuta a rufaffen ɗaki. Ku ji ɗumi, ku fitar da kaskon, ku ƙara bargo. Ku ƙona busasshen itace, ɗanye ya fi hayaƙi. Ku nisanta yara da wuta. Wanda kuka ga alamun nan a jikinsa, ku fito da shi sarari nan da nan, ku kawo shi ɗakin magani, kada ku jira gari ya waye.

Allah ya ba mu lafiya, amin.