Ƙashin Da Ya Taɓa Karyewa Bai Fi Ƙarfe Ƙarfi Ba

Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a WhatsApp tsakanin samarinmu na Bata, daga masu jiran fasinja a mahaɗar har yaran shago na Kasuwar Sabon Gari. Sau uku ana turo mini shi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci gidan damben da ya taɓa sa zare ba, amma ya zage yana koya wa yara yadda ake "dafa hannu" bayan tsohuwar karaya. Ban ɗauki abin da zafi ba sai da na ga ɗan maƙwabcina, wanda ya karye a hannu bara, yana naushin bangon bulo da asuba yana cije leɓe. Burinsa ya fita filin dambe a Ado Bayero Square.

Mu fara sallamar ƙananan maganganun da ke cikin saƙon. Ruwan ɗumi da gishiri yana sassauta gaɓa, ba ya ƙara wa ƙashi komai. Tsaga da reza ɗaya ga mutum biyar hanyar ɗaukar ciwon hanta ce. Tiramol ciwo yake ɓoyewa, ba ya ɗora ƙashi. Batun wai asibiti yanke hannu suke yi kuwa ƙarya ce. Abin da yakan kai hannu ga yankewa shi ne ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudu, aka kuma makara.

Maganar da take ɓarna ita ce wannan: wai inda ƙashi ya karye ya warke ya fi ko'ina ƙarfi, don haka a yi ta dukan bango har zafin ya mutu.

Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, shi ya sa ta karɓu. Tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa lafiyayyen ƙashi yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi a hankali. Haka kuma yayin warkewa wani ƙullutu yakan taru a wurin karaya, mai shafawa ya ji kauri. Sai dai ƙullutun na ɗan lokaci ne, jiki yana sassaƙe shi. Iyakar abin da ake fata shi ne ƙashin ya koma yadda yake a da. Idan kuma ya haɗe a karkace, kowane naushi a karkace zai sauka.

Sannan hannu ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa 27 ne, 8 daga ciki a wuyan hannu, ga jijiyoyi, ga guringuntsin da ke hana gaɓoɓi gogar juna. Guringuntsi ba ya ƙara ƙwari da duka, cinyewa yake yi, kuma da wuya ya dawo. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da jini ba ya isarsa sosai. Yakan karye a ɗauka targaɗe ne, wani lokaci ko hoton farko ba ya nuna karayar. Wanda ya ci gaba da naushi a kansa yana iya hana shi haɗewa, bayan shekaru wuyan hannun ya sandare, riƙe kan Adaidaita Sahu ko ɗaga buhu ya gagara.

Mutuwar zafi kuwa ba warkewa ba ce. Fata ce ta yi kanta, ji ya ragu, ɓarnar tana nan a ciki.

Ban ga laifin yaran da suka yarda ba. Hoton ƙashi kuɗi ne, dambe kuma yana kawo suna da abin sawa a aljihu, kowa yana son makaɗi ya wasa shi kamar yadda Ɗan Anace ya wasa Shago. Laifin yana kan wanda ya ɗauki murya ya tura, alhali ba shi zai yi jinyar ɗan wani ba. Da ya leƙa fili da ya ga ’yan damben Kudu da Arewa da Guramada, babu mai kai naushi sai ya naɗe hannu da ƙyalle ya ɗaure da zare.

Ko mai tsohon rauni zai iya komawa dambe? Da yawa suna komawa, amma hukuncin na likita ne bayan ya duba hannun. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, daga Bata ba tafiya ba ce mai nisa. Idan an ba ka izini, ka fara da matsa ƙwallon roba da motsa wuyan hannu, sannan buhu mai laushi da hannu a naɗe, kana ƙarawa mako bayan mako. Kumburi, ko zafin da ya kwana, ko yatsan da ya ƙi miƙewa, alama ce ta ka dakata.

Ƙanena, idan saƙon nan ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba. Hannun da kake dambe da shi, da shi za ka ci da iyalinka.