Arashi da Hujja a Labaran Bin Sawu

Duk yaron da ya tashi a Zango, ko wani gari na ƙasar Daura, ya san labarin baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayyana da dare, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a, ya tafi rijiyar Kusugu ya sare kan macijin da ke cikinta. Zuwansa a wannan dare arashi ne, ba mai musu. Amma da gari ya waye, mutane suka yi ta da'awar su suka yi kisan, Sarauniya Daurama ba ta jira wani arashin ya nuna mata gwani ba, sai ta nemi bayyina, wato kan macijin, wanda ba a same shi ba sai a hannun baƙon nan, Bayajidda.

To, a ganina, wannan ita ce ƙa'idar da ta wajaba a kan mai rubuta ƙagaggen labari na bin sawun ɓarawo ko mai kisan kai. Malaman tauhidi sun kasa hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma lalle kiciɓis da wanda ake nema a tsakiyar kasuwar Kurmi ja'izi ne, yana yiwuwa. Sai dai mai karatu da hukuncin al'ada yake auna labari, watau abin da aka saba gani, saboda haka in marubuci ya ƙulla magana da arashi ya yarda, in kuwa da arashi ya warware ta, sai ya ji an zambace shi.

Wani limamin Kirista a Ingila, Ronald Knox, ya tsara wa irin waɗannan littattafai sharuɗɗa goma a 1929, ciki har da hana sa'a taimakon mai bincike. Mu kam mun riga shi ji a ƙissar Annabi Yusufu, inda rigar da ta yage ta baya ta zama ƙarina, ta wanke shi.

Ba na ƙin arashi ɗungurungum. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934, haɗuwar ɗa da uwa bayan shekarun bauta ta karɓu, domin ƙaddara ce jigon littafin, uwar kuwa ta ƙarar da ranta wajen nema. Amma marubucin da ya yi mana alkawarin bincike, muna roƙonsa ya kawo mana kan macijin.