Na'urar da ke auna yunwar shuka: amfaninta ga manoman fadamar Kebbi

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a fadamar kogin Rima, har aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017. Sai dai tsadar taki na cinye ribar manomi, kuma masana sun nuna cewa galibi shuka ba ta shan ko rabin sinadarin naitrojin da aka zuba mata.

Wani ɓangare na takin yuriya yana rikiɗewa a cikin ƙasa ya zama sinadarin naitret, wanda saiwa ke zuƙa. Idan ya yi ƙaranci, ganye ya yi rawaya. Idan ya yi yawa, ruwa ya wanke shi zuwa rijiyoyi da koguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha.

Domin sanin adadinsa a jikin shuka ne aka ƙirƙiro na'urorin awo masu aiki da sinadaran halittu. A wani nau'in, ana ɗiga ruwan ganye a kan ɗan ƙarfe da aka shafa wa sinadarin da tsirrai ke sarrafa naitret da shi. Haɗuwarsu tana haifar da ɗan lantarki, ƙarfinsa kuma shi ke nuna yawan naitret. A 2022, masu bincike a Taiwan sun bayyana wani nau'in mai suna NitraMeter3.0, wanda ake sakawa a ƙwayoyin halittar shuka, haskensa na sauyawa gwargwadon naitret. Wannan na ɗakin bincike ne.

Awon zai fi amfanar masu noman albasa, alkama da masara, domin shinkafar da ke tsaye cikin ruwa ta fi shan naitrojin a siffar amoniyam. Ga mai shinkafa, katin launin ganye, wanda Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta yaɗa, ya fi sauƙi da araha: manomi ya kwatanta ganyensa da katin kafin ya ƙara taki.