Koren da ke kan tasar kaka: yadda ake haɗa tsufan tagulla a gida, da dalmar da ke ɓoye a cikinta

A Sabon Garin Gusau, kamar sauran unguwannin birnin, ɗan gwangwan ba ya tambayar tarihin kaya. Idan aka miƙo masa tsohuwar tasa, ko munduwa, ko likkafar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado, mayen ƙarfe yake fara kanga mata. In bai kama ba, sai ya kankare gefe ɗaya da wuƙa ya ga launin ciki, ja ne ko ruwan ɗorawa. Daga nan sai sikeli. Duhun da ya lulluɓe kayan da ɗigon koren da ya taru a lungunan zanensa datti ne a wurinsa, ba sa ƙara ko kwabo a kan kilo.

A shagunan kayan tarihi na Legas da Landan da Faris kuwa, wannan dattin ake saye. Turawa suna kiransa fatina, wato rigar da jan ƙarfe da tagulla suke sakawa idan sun daɗe suna shan iska. Gidajen tarihi suna biyan ƙwararru su kiyaye ta, wasu dillalai suna biya a ƙirƙira musu ita, kuma intanet ya cika da bidiyon masu koyar da haɗa ta a gida da kayan kicin. Haɗin yana aiki. Sai dai yawancin masu koyarwar suna zaune ne a ƙasashen da ake sayar da ƙarfe tare da takardar da ta faɗi abin da ke cikinsa. Tagullar da ke yawo a kasuwannin Gusau da Tsafe da Bungudu ba ta zuwa da irin wannan takarda.

Tsatsar da ba ta cin ƙarfe

A bakin mutane, kalmar tagulla ta haɗe ƙarafa da yawa. Maƙeran fari ne suka fi rarrabe su. Jan ƙarfe zalla shi ne na cikin wayar lantarki. Idan aka narka shi da tutiya, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, sai a samu tagulla mai ruwan zinariya, ta faranti da kan famfo da kwaɗo. Idan da kuza aka haɗa shi, sai a samu mai duhu, irin wadda aka zuba kayan Igbo-Ukwu da ita tun wajen ƙarni na 9.

Baƙin ƙarfe idan ya yi tsatsa, tsatsar ɓarewa take yi tana buɗe sabon wuri, har ta huda shi. Jan ƙarfe yana da wata ɗabi'ar. Iskar oksijin tana yi masa siririn ɓawo ja mai duhu wanda yake manne da jikinsa, ɓawon ya koma ruwan ƙasa, sannan ya yi baƙi-baƙi, yana tare hanyar iska zuwa ga ƙarfen da ke ƙasa. Kore ba ya fitowa sai danshi ya haɗu da farar wuta ko gishiri ko iskar kabon. Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York, wanda aka buɗe a 1886, ja ne da farko. Cikin shekaru kamar ashirin iskar teku da hayaƙin kwal suka mayar da shi kore. A 1906 aka yi niyyar shafe shi da fenti, injiniyoyin sojan Amurka suka duba suka ce koren ne yake kare fatarsa, wadda kaurinta bai kai milimita uku ba.

Gusau ba bakin teku ba ce. Rani ya fi damina tsawo, hunturu kuma yana busar da komai, don haka tagullar ɗaki a nan duhu take yi, ba kasafai take korewa ba. Kayan da aka ce daga ɗakin wata tsohuwa ya fito amma ya yi kore shar daga sama har ƙasa, ya cancanci a yi masa tambaya.

Wannan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, garin da masana da dama suke dangantawa da Azelik, arewa maso yammacin Agadas. Ya ga ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda, masu kauri da sirara, ana sayen nama da itace da gero da su, ana kuma kai su Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda ake ɗauka Gobir ce.

Shekara hamsin cikin kwana uku

Komai yana farawa da wanki. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana launi kamawa, don haka ake wanke kayan da sabulu, a goge da tsamiya ko lemon tsami da toka kamar yadda mata suka saba, a ɗauraye sosai, a kuma daina taɓa shi sai da safar hannu. Sabbin kaya da yawa suna zuwa da shafen banish, sai an cire shi da tina ko ruwan goge farce.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ƙwai. Ana dafa shi ya yi tauri, a murmushe shi da zafinsa a cikin roba mai murfi, a sa kayan a gefe ba tare da sun taɓa shi ba. Warin nan na ƙwai iskar farar wuta ce, ita ke duhunta jan ƙarfe cikin 'yan sa'o'i. Tagulla mai tutiya ta fi jinkiri. Wannan launin shi ya fi kama da tsufan gaskiya na ƙasa mai rani.

Masu son kore suna fesa ruwan khal da gishiri, su bari ya bushe, su sake fesawa, kwana biyu ko uku. Masu son shuɗi suna zuba amoniya kaɗan a gindin roba su rataya kayan a sama, tururin ya yi aikinsa. Tun kafin a san amoniyar kwalba, binne kaya a turken dabbobi yana yin wannan aikin, domin fitsari da ya kwana amoniya yake fitarwa.

A nan ne mai gaggawa yake asara. Sojojin Birtaniya a Indiya sun daɗe suna mamakin abin da ke tsaga kwanson harsasansu na tagulla duk damina. A 1921 aka tabbatar da dalili: a bargar dawaki ake ajiye su, amoniyar fitsarin doki da danshi suna bin inda ƙarfen ya wahala wajen ƙira suna tsaga shi. Tasa ko farantin da aka buga da guduma yana ɗauke da irin wannan wahalar a jikinsa, kuma yana iya tsagewa a cikin robar amoniya. Amoniya kuma ba ta haɗuwa da ruwan bilic na wanki, domin iskar da suke fitarwa tare tana ƙona huhu. Aiki ne na tsakar gida, ba na ɗaki a rufe ba.

Sauƙin haɗin nan ne ya sa launi ya daina zama shaidar shekaru. Tun da aka kwashe kayan fadar Benin a 1897 suka zama abin nema a Turai, kasuwar jabu ta tashi tare da su, kuma garin Foumban na Kamaru ya yi suna wajen zuba sabbin kaya a tsufar da su. Zamfara ma ta ɗanɗani wannan kasuwa. A shekarun 1990 masu tono suka afka wa tuddan Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu, suka kwashe gumakan yumɓu da suka ƙare a hannun dillalan ƙetare. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa kayan fasahar gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana sayar da su sai ga wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su ba da izini ba. Wanda ya tsufar da sabon faranti don ado bai yi laifi ba. Wanda ya sayar da shi a matsayin gadon sarakuna ya yi damfara, in kuwa da gaske tsoho ne, ya taka wata dokar.

Koren da yake ciwo

Gishiri shi ne tarkon da ke cikin haɗin khal. Sinadarin kulorin da ke cikinsa yana shiga ƙarƙashin ɓawon ya kwanta. Da danshin damina ya iso sai ya farka, ya haifar da ruwa mai cin ƙarfe, wanda shi kuma yake sake samar da abin da ya haife shi. Masu kula da gidajen tarihi suna kiran wannan ciwon tagulla. Alamarsa gari ne kore mai haske, mai laushi kamar alli, wanda yake dawowa wuri ɗaya bayan an goge shi, da ƙananan ramuka a ƙasansa. Fatina mai lafiya tauri gare ta, ba ta bin yatsa. Duk abin da yake da daraja a gida bai kamata ya ga gishiri ba.

Rufe launi kuwa ba ya yiwuwa sai kaya ya bushe ƙarau, kwana biyu ko uku a rana, domin rufe danshi a ciki kiwon ciwon ne. Kakin zuma shi ne mafi kusa da hannu: a ɗumama kayan a rana, a shafa siriri da tsumma, a bari ya daskare, a goge. Yana ɗan duhunta kore, kuma a zafin Afrilu yana laushi ya kama ƙura, don haka yake son sabuntawa. Gidajen tarihi sun fi amfani da kakin da ake tacewa daga man fetur, irin Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a farkon shekarun 1950. Banish na fesawa ya fi daɗewa, amma inda ya tsage nan tsatsa take taruwa. Man gyaɗa da man shanu da man kaɗe ba su dace ba ko kaɗan: idan suka kwana a kan jan ƙarfe, wani kore mai danƙo suke haifarwa.

Abin da kaki ba ya rufewa

Babu shafen da yake mayar da kwano mai fatina abin cin abinci. Koren da khal yake haifarwa guba ne, yana sa amai da ciwon ciki. Ko tagulla mai tsabta ma, ƙa'idar abinci ta Amurka ta hana zuba mata abu mai tsami, kuma zoɓo da kunun tsamiya da nono duk sun shiga wannan layi. Shi ya sa masu tukwanen jan ƙarfe a ƙasashe da dama suke shafe cikinsu da kuza. Ruwan da aka yi haɗin da shi ma ba na zubarwa kusa da rijiya ko turke ba ne, musamman da yake tumaki ba sa jure jan ƙarfe a jikinsu.

Babbar maganar ita ce dalma. Masana'antu suna ƙara ta cikin tagulla don ta yi sauƙin yankawa. Nau'in da aka fi amfani da shi a injin ferewa yana ɗauke da kusan kashi 3 cikin ɗari. Kan famfo da kwaɗo da makulli, waɗanda suke cika buhun ɗan gwangwan, daga irin wannan tagulla ake yawan yin su, kuma idan aka narka su aka sake zuba wani kaya, dalmar tana bin su. Ba ta gauraya da tagullar, zama take yi ɗigo-ɗigo a ciki. Tsami yana zuƙo ta, samfefa tana mayar da ita ƙura, wuta mai ƙarfi tana tashin ta hayaƙi. Duka ukun matakai ne da ake koyarwa a bidiyon haɗa fatina. Amurka ta rage dalmar da aka yarda da ita a kayan ruwan sha zuwa kashi 0.25 tun 2014. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta auna kayan kasuwa a ƙasashe 25, ta samu kusan rabin kwanonin ƙarfe da tukwanen da ta gwada sun haura ma'aunin da ta sa.

Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a gaya masa abin da dalma take yi wa yaro. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce take kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Aƙalla yara 400 suka rasu. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share ta, bayan matasan Follow The Money sun matsa lamba. Adalci ne a faɗi cewa dalmar da ke cikin tasa ba ta kama ƙafar wadda ta fito daga waɗancan duwatsu ba. Amma hanyar ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, yaro mai rarrafe, hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Saboda haka mai son yi wa farantin bango ko munduwar ado launi zai iya yi, da sharaɗin ya guji gugar samfefa a bushe, ya nisanci yara da wurin girki, ya wanke hannu da tufafi, ya kuma cire kayan daga jerin kwanonin abinci har abada. Sauran aikin ba na gida ba ne. Ingancin kayan kasuwa yana wuyan hukumar SON, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayarta a rubuce ko nawa ne iyakar dalma a kwanon abinci da kan famfo, da lokacin da ta auna na kasuwannin Zamfara. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Na'urar hannu da take karanta dalma cikin daƙiƙoƙi ita ce irin wadda aka auna ƙasar Dareta da Bagega da ita. Mayen ƙarfen ɗan gwangwan kuwa ba ya kama dalma, kamar yadda ba ya kama tagulla.